Wa Ya San Kamamoto?

Abin da nake so in yi magana a kansa a wannan fili shi ne shahara, watau yadda sunan wani mutum kan cika duniya, na wani kuma ya tsaya a ƙofar gidansu, alhali kuwa in an ɗora aikinsu bisa ma'auni ba lalle ne mai sunan ya rinjaya ba. Zan ɗauko misalina daga wasan tamaula, don shi ne abin da ya fi cin mana lokaci da maƙogwaro a ɗakunan kwana bayan an kashe fitila. Amma ba zan je Ingila ko Sifen ba, inda kowane ɗan aji ɗaya ya zama malami. Ƙasar Japan na nufa, kuma mai karatu zai ga dalili nan gaba kaɗan.

In ka tare mai son tamaula a ƙasar nan ka ce ya faɗa maka ɗan wasan Japan guda ɗaya, in ya ɗan manyanta zai ce Nakata. In yaro ne watakila ya ce Honda, ko Kagawa, ko Okazaki wanda ya ci gasar Ingila tare da Leicester a 2016. Da wuya ƙwarai ka ji wani ya ce Kunishige Kamamoto. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a cikin mazan da suka taɓa sa rigar Japan babu wanda ya yi wa ƙasarsa abin da Kamamoto ya yi. Rashin saninsa da muka yi ba ya nuna ƙarancin gwanintarsa. Abin da yake nunawa shi ne yadda ake rabon suna a duniya, kuma rabon nan ba na adalci ba ne.

Abin mamaki ma shi ne, mu 'yan Nijeriya ya kamata a ce mun fi kowa saninsa a Afirka, don da mu ya fara gaisawa da duniya. A watan Oktoba na 1968, muna tsakiyar yaƙin basasa, Nijeriya ta aika da ƙungiyar tamaula zuwa wasannin Olamfik na ƙasar Meziko, karo na farko ke nan. Aka sa mu rukuni ɗaya da Sifen da Birazil da Japan. Duk wanda ya dubi wannan jeri a lokacin zai ce Japan ce nama, don ba a san su da tamaula ba. Aka haɗu a garin Puebla. Aka tashi Japan 3, Nijeriya 1, kuma dukan ƙwallaye ukun nan mutum ɗaya ne ya jefa su, shi Kamamoto. Tamu guda ɗayar Sam Garba Okoye ne ya ci, mutumin Jos. Kada wani ya ce ai ƙungiyar tamu ce ba ta da ƙarfi, gama ita ce ta yi kunnen doki da Birazil, 3 da 3, a wannan gasa.

Ba a kanmu kaɗai abin ya tsaya ba. Japan ta yi canjaras da Birazil da Sifen, ta fita daga rukuni, ta gamu da Faransa ta doke ta 3 da 1, biyu daga ciki na Kamamoto ne. A wasan kusa da na ƙarshe Hangari ta lallasa su 5 da babu, wannan kam babu ɓoyo. Sai ya rage neman na uku, kuma da masu masaukin baƙi za a yi, a babban filin Azteka, gaban 'yan kallo wajen 100,000 waɗanda kusan dukansu Meziko suke goyon baya. Duk wanda ya taɓa bin ƙungiyar makarantarmu zuwa wasa a wani gari ya san yadda ƙafa kan yi nauyi in mutum ɗari biyu kawai suna yi maka ihu. To, ina ga dubu ɗari? Japan ta ci 2 da babu, kuma duka biyun Kamamoto ne ya ci. Ta haka Japan ta sami lambar tagulla, ta zama ƙasar Asiya ta farko da ta sami lamba a tamaular Olamfik. In mai karatu ya yi lissafi zai ga Japan ta ci ƙwallo 9 a gasar baki ɗaya, 7 daga ciki nasa ne, kuma babu wanda ya kai shi ci a dukan ƙasashen da suka zo. Yana da shekara 24 a lokacin.

Wane ne shi? An haife shi a birnin Kyoto a 1944. Ya yi karatu a Jami'ar Waseda, kuma tun yana ɗalibi ya buga wa ƙasarsa a Olamfik na Tokyo a 1964, inda Japan ta ba da mamaki ta doke Ajantina 3 da 2. Shi da abokan wasansa sun sami horo a hannun wani Bajamushe mai suna Dettmar Cramer, wanda Japanawa suka ɗauko a 1960 don ya koya musu wasan daga tushe. Da Kamamoto ya gama jami'a a 1967 sai ya kama aiki a kamfanin Yanmar na birnin Osaka, masu ƙera injunan dizal. Na ce ya kama aiki, ban ce an saye shi ba, don a Japan ta wannan zamani babu mai cin abinci da tamaula a matsayin sana'a. Gasar ƙasar ma sai a 1965 aka kafa ta, kuma ƙungiyoyin duk na kamfanoni ne, 'yan wasan kuwa ma'aikatansu ne masu albashi. Iyayenmu da suka ga zamanin ƙungiyoyin ma'aikatu a nan gida, irin na 'yan reluwe da na masaƙa, za su gane abin da nake nufi. A wannan ƙungiya ɗaya ya zauna har ya aje takalmi a 1984. Ya ci mata ƙwallo 202 a wasa 251 na gasar ƙasa, sau 7 yana zama zakaran ci. Ƙasarsa kuwa ya ci mata 75 a wasa 76, watau kusan kowace fita da ƙwallo ɗaya. Kazuyoshi Miura, wanda Japanawa ke yi wa kirari da sarki, 55 ya ci.

To, me ya hana shi fita duniya? Bayan Meziko an yi ta maganar ƙungiyoyin Jamus na son su ɗauke shi, dama ya taɓa zuwa can ya yi horo na ɗan lokaci a farkon 1968. Sai Allah ya kawo ƙaddara, a 1969 ciwon hanta ya kwantar da shi. Tafiya Turai ta sha ruwa. A shekarar ce kuma aka yi wasannin neman shiga gasar cin kofin duniya ta 1970, Japan ta je babu shi, aka fitar da ita. Ya warke, ya dawo ya ci gaba da cin ƙwallo shekara da shekaru, amma har ya bar buga wa ƙasa a 1977 Japan ba ta taɓa leƙa gasar kofin duniya ba. Sai a 1998 ta fara zuwa. Mutumin da bai buga a Turai ba, bai kuma buga kofin duniya ba, a wajen yawancin masu kallo kamar bai taɓa buga tamaula ba ne.

Yanzu mu juyo kan Hidetoshi Nakata, kuma ina so a fahimce ni, ban zo don in rage masa daraja ba. An haife shi a 1977, shekarar da Kamamoto ya bar ƙungiyar ƙasa. Ya taso daidai lokacin da komi ya canza, don a 1993 aka buɗe gasar J.League ta ƙwararru, kuɗi ya shigo, telebijin ya shigo, filaye suka cika. Shi ma yana da tarihi da mu. Yana cikin yaran Japan da Nijeriya ta fitar a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 1993, wadda su Kanu suka ciyo kofinta a can Japan ɗin. Yana kuma cikin ƙungiyar da ta doke Birazil 1 da babu a Olamfik na Atlanta a 1996, kafin Nijeriya ta ci su 2 da babu a hanyarta ta zuwa zinariya. A Nuwamba 1997 shi ne ginshiƙin wasan da Japan ta doke Iran 3 da 2 ta sami shiga kofin duniya. Ya je Faransa a 1998 da gashin kansa a rine, yadda ko daga nesa ba za ka rasa gane shi ba. Japan ta sha kashi a wasanninta uku, amma idon Turawa ya riga ya sauka a kansa.

Ƙungiyar Perugia ta Italiya ta saye shi a wannan shekara, a lokacin da gasar Italiya ce kan gaba a duniya. Ranar da ya fara buga musu ya ci Juventus ƙwallo biyu. Daga nan ya koma Roma, kuma a can ya yi abin da har yau mutanen birnin ke tunawa. A watan Mayu na 2001 Roma na neman kofin gasar, Juventus na cin ta 2 da babu, sai mai horarwa ya fitar da Totti ya sa Nakata. Ya ɗirka wata ƙwallo daga nesa ta shiga. Dab da tashi ya sake ɗirka wata, gola ya amayar, Montella ya ƙarasa. Aka tashi 2 da 2, Roma ta ci kofin shekarar. Parma ta saye shi da kuɗin da ba a taɓa biya don wani ɗan Asiya ba. Sau biyu ana zaɓensa gwarzon ɗan wasan Asiya, a 1997 da 1998. Ya buga kofin duniya sau uku. Shekararsa ta ƙarshe ya yi ta a Bolton ta Ingila, tare da Jay-Jay Okocha namu, kuma ina zaton a nan ne yawancin gidajen kallo na ƙasar nan suka ƙara saninsa. A 2006, bayan Birazil ta ci Japan 4 da 1 a Jamus, ya kwanta a tsakiyar fili ya daɗe bai tashi ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ya ba da sanarwar ya bar wasa, yana da shekara 29 kacal.

Wannan tarihi ne mai kyau, babu mai musu. Amma a dube shi da idon basira. A shekarar da Roma ta ci kofi, yawancin wasanni daga benci Nakata ya kalle su, don wurin da yake bugawa na Totti ne. Bayan shekarunsa na farko a Parma tauraronsa ya yi ta dusashewa, aka ba da shi aro ga Bologna, ya je Fiorentina bai yi wani abin kirki ba, aka sake ba da shi aro ga Bolton. Ƙasarsa ya ci mata ƙwallo 11 a wasa 77. Shekarun da ya yi yana kan ganiyarsa ba su fi biyar ko shida ba. Amma sunansa bai dusashe tare da wasansa ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Me ya kawo haka?

Abin da ya kawo haka shi ne, Nakata ya zo a lokacin da suna ya zama hajar sayarwa. Da ya sauka Perugia, 'yan jaridar Japan suka biyo shi, masu yawon buɗe ido suka biyo shi, gidajen telebijin na Japan suka shiga nuna gasar Italiya, aka yi ta sayen riga mai sunansa. Ƙungiyar da ta saye shi ba ɗan wasa kaɗai ta saya ba, ta sayi kasuwar ƙasa mai mutum fiye da miliyan 120, masu kuɗi a aljihu. Shi kuma mutum ne mai son ado, ana ganinsa a wuraren nunin tufafi, kamfanoni na sa hotonsa a talla, har ana kwatanta shi da Beckham. Duk wanda ya zuba kuɗi a kan sunan mutum, tilas ya so sunan ya ƙara nisa. Kamamoto kuwa wa zai ci riba in an san shi a Kano ko a Legas? Kamfanin injin dizal ba ya sayar da rigar ƙwallo. Wasanninsa da yawa ko hoton kirki ba a ɗauka ba, wanda aka ɗauka ma baƙi da fari ne, yana rawa. Mai maroƙa da yawa shi ake ji a gari, ko da kuwa wani ya fi shi noma.

Na san abin da masu gardama za su ce, don ba yau muka fara ba. Za su ce Olamfik na wancan zamani ba na ƙwararru ba ne, Birazil da Faransa da Sifen ba su kawo manyan 'yan wasansu ba, kuma da aka gamu da Hangari, wadda ta zo da ƙarfinta, ai an ga yadda ta kaya. Wannan gaskiya ne. Za su ce da yawa daga ƙwallaye 75 ɗin nan ƙananan ƙasashen Asiya aka ci, misali wasan 1967 da Japan ta yi wa Filifin 15 da babu, shi kaɗai ya ci 6. Wannan ma gaskiya ne. Za su kuma ce Nakata ɗan tsakiya ne, aikinsa raba ƙwallo, don haka ba adalci ba ne a auna shi da yawan ci. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, shi ya sa ban kafa hujjata a kan 75 da 11 ba.

Amma ga abin da suka manta. In Birazil ba ta kawo ƙwararru ba, ita Japan ɗin ƙwararru ta kawo? Ma'aikatan kamfani ne, daga ƙasar da gasarta ba ta wuce shekara uku da kafuwa ba, ƙasar da wasan sanda da ƙwallo irin na Amurka da kokawar sumo suka fi tamaula farin jini nesa ba kusa ba. Ƙananan ƙasashen Asiya kuwa, ai Japan ba ta daina haɗuwa da su ba bayan ya tafi. Miura ya gamu da su, Okazaki ya gamu da su, sun kuma buga wasanni fiye da nasa, tare da abokan wasa da suka fi nasa ƙwarewa, amma babu wanda ya kamo shi. Gwanin da ya tashi inda babu gwanaye, babu filayen kirki, babu wanda zai koya daga gare shi, ni a ganina ya fi ban mamaki bisa wanda ya tarar an share masa hanya. Lambar nan ta tagulla kuma, Japan ta koma Olamfik sau da yawa da yaran da aka horar tun suna ƙanana, har ta kai wasan neman na uku a London a 2012, ta sake kaiwa a gida Tokyo a 2021, duka biyun ta dawo hannu rabbana. A na Tokyo ɗin ma Meziko ce ta doke su, kamar mai rama bashin shekara 53.

Akwai kuma masu cewa ai Nakata ne ya buɗe wa Japanawa ƙofar Turai, don haka ya cancanci sunan. Ko wannan ma sai an gyara. Yasuhiko Okudera ya je ƙungiyar Köln ta Jamus tun 1977, ya ci gasar ƙasar da kofinta a 1978, ya yi shekara tara yana wasa a can. Wa ya san shi a nan? Shi ya buɗe ƙofar, amma a lokacin babu mai ɗaukar hoto a bakinta. Abin da Nakata ya yi shi ne ya nuna wa ƙungiyoyin Turai cewa ɗan Japan na iya wasa kuma yana kawo kuɗi, kuma na biyun ne ya fi saurin shiga kunnensu.

Bari in ɗan ratse, don in ban faɗi wannan ba 'yan'uwanmu mata za su ce na yi son kai. Tun farko na ce a cikin maza, kuma da gangan na faɗa. In za a haɗa maza da mata, wadda ta fi kowa ci wa Japan ƙwallo ita ce Homare Sawa, 83 a wasa 205. Ita ce kyaftin ɗin ƙungiyar da ta ci kofin duniya na mata a Jamus a 2011, wata huɗu bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka hallaka dubban mutane a ƙasarsu. A wasan ƙarshe Amurka na gaba da 2 da 1, saura minti uku a tashi daga ƙarin lokaci, ta farke, aka je bugun fenareti Japan ta yi nasara. Aka zaɓe ta gwarzuwar duniya ta wannan shekara, ta karɓi kyautarta a dandamali ɗaya da Messi. Babu namijin Japan da ya taɓa ko kusantar wannan. Duk da haka, tambayi masu gardamar ɗakin kwana, za ka ga Nakata ya fi ta suna. Ita ba zamani ne ya cuce ta ba, don ta yi wasanta gaban telebijin mai launi. Abin da ya rage mata suna shi ne yawancin masu kallo ba su ɗauki wasan mata da muhimmanci ba. Ashe dai ba mu auna aiki, abin da aka saba nuna mana shi muke kira babba.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da rigimar Japanawa? Su ai ba su manta da mutuminsu ba. Haka ne, ba su manta ba. Ya horar da ƙungiyar Gamba Osaka, ya zama ɗan majalisar dattawan ƙasar daga 1995 zuwa 2001, ya riƙe babban muƙami a hukumar tamaularsu, kuma da ya rasu a watan Agusta na 2025, yana da shekara 81, sun yi juyayinsa yadda ya kamata. Ba shi nake ji wa ba. Mu nake ji wa, don ma'aunin nan da ya ɓoye mana Kamamoto shi muke ɗorawa a kan namu. Segun Odegbami bai buga wa ƙungiyar Turai ba, bai je kofin duniya ba, a Shooting Stars ta Ibadan ya yi zamaninsa, amma shi ya ci biyu daga ƙwallaye ukun da muka doke Aljeriya da su muka ɗauki kofin Afirka na farko a 1980. Shi ne Kamamoton namu, kuma cikin ajinmu mutum nawa ne za su iya faɗin wannan? Sam Garba da na ambata ɗazu, wanda iyayenmu na Jos ke ba da labarinsa kamar almara, wa ya taɓa ganin hotonsa? Rashidi Yekini ya tsira daga wannan mantuwa, amma ba don ƙwallaye 37 da ya ci wa ƙasa ba. Ya tsira ne don hoto guda ɗaya, wanda ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya a 1994. Da babu na'urar ɗaukar hoto a bayan ragar nan, da shi ma sai dattawa kaɗai ke tuna shi.

Illar abin ba ta tsaya ga mantuwa da tsofaffi ba. Yaron da ya tashi yana ganin ba a zama ɗan wasa sai an buga a Turai, ba zai ga darajar ƙungiyar garinsu ba, ba zai je fili ya kalle ta ba, in kuwa yana da ƙafa, burinsa kawai ya tsallake teku ko ta halin ƙaƙa. Dukanmu mun ji labarin samarin da suka bar makaranta, iyaye suka sayar da gona ko filin gado aka ba wani dillali, aka kai yaro wata ƙasa aka yasar. Ba na cewa zuwa Turai laifi ne, kowa na son inda zai ci gaba. Abin da nake cewa shi ne, Japan ɗin da a yau 'yan wasanta suka bazu a Jamus da Ingila da Sifen, har ta doke Jamus da Sifen ɗin a kofin duniya na 2022, ba daga filin jirgin sama ta fara ba. Ta fara ne daga mutanen da suka gama karatunsu, suka zauna gida, suka buga wa kamfanin inji wasa shekara 17 a gaban 'yan kallo kaɗan, har yara suka gani suka yi sha'awa. Da ba a yi su Kamamoto ba, da babu wanda zai kafa gasar 1993, da Nakata bai sami inda zai taka ya yi tsalle ba.

Saboda haka roƙona ga malamanmu na wasanni da 'yan ƙungiyar muhawara shi ne, in an tashi gardamar wane ya fi wane, a riƙa raba tambaya biyu. Wa aka fi sani daban, wa ya fi aiki daban. Ta farkon amsarta Nakata, ba ni da ja. Ta biyun sai an koma an duba abin da mutum ya tarar da abin da ya bari. Iyayenmu kuma, musamman waɗanda suka saurari wasanni a rediyo kafin telebijin ya zama ruwan dare, don Allah ku riƙa ba mu labarin 'yan wasan zamaninku, na Mighty Jets da Raccah Rovers da sauransu, mu kuma mu rubuta a mujalla irin wannan, tun da babu kamfanin da zai yi mana.

Ko shi Pele, wanda ake ganin ya fi kowa sanin tamaula, bai kuɓuta daga wannan ma'auni ba. A 1984, da Kamamoto zai yi wasansa na ban kwana a babban filin Tokyo, Pele ya taso takanas ya zo ya buga, tare da Overath na Jamus, kuma su biyun suka ɗaga shi bisa kafaɗunsu gaban jama'a. Bayan shekara 20, a 2004, hukumar FIFA ta ba Pele aikin zaɓen manyan 'yan wasa 125 da ke raye a duniya. Daga Nijeriya ya sa Okocha. Daga Asiya gaba ɗaya ya sa mutum biyu, Hong Myung-bo na Koriya ta Kudu da Nakata. Kamamoto na nan da ransa a lokacin, yana da shekara kusan 60, amma sunansa bai fito ba.